Aika fayil tsakanin kwamfutoci cikin sirri: jagorar scp, sftp da rsync

Akwai wani Alhaji da nake duba wa kwamfutocin shago a nan Maradi. Dillalin wake da gyaɗa ne, yana da sito a Tasawa, yana kuma da yaro a Ɗan Isa can bakin iyaka. Shekara da shekaru, duk ƙarshen wata sakataren Tasawa kan zuba lissafin sito a kile, ya naɗe shi a takarda, ya kai tasha ya damƙa wa direba. Daga aljihun direba ya faɗa hannun yaron mota, daga nan ɗan kabu-kabu ya kawo shi shago. A cikin ɗan abin nan akwai sunan duk wanda Alhaji ke bi bashi, da yawan buhunan da ke ajiye, da farashin da aka saye su. Wata rana kilen ya iso, muka soka shi a kwamfuta, sai muka tarar da foldojin duk sun rikiɗe, in ka danna babu abin da ke buɗewa. Ashe a hanya an biya da shi wani shagon buga takardu, can ya kwaso cuta. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, wannan hanya ba mai ɓullewa ba ce. Ka nemo mana wata."

Wani zai ce ai ga WhatsApp. Gaskiya ne saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, kuma ba na raina shi. Matsalarsa tana bakin hanya ne, ba tsakiyarta ba. Fayil ɗin yakan zauna a salular mai aikawa, ya zauna a ta mai karɓa, ya shiga ajiyar da wayar ke yi da kanta, kuma yatsa ɗaya in ya zame sai lissafin Alhaji ya faɗa zauren ƴan uwa mai mutum ɗari biyu. Abin da muke so shi ne fayil ya tashi daga wannan kwamfuta ya sauka a waccan, bai yada zango ko'ina ba.

Hanyar da na ɗora su a kai tsohuwa ce, sunanta SSH, wato hanyar da kwamfuta biyu ke magana da juna a kulle. Wani ɗan ƙasar Finland mai suna Tatu Ylönen ne ya ƙirƙire ta a 1995, bayan an saci kalmomin sirri a rezon jami'arsu da ke Helsinki. Kafin nan da telnet da FTP ake aiki, su kuwa kalmar sirrinka tsirara suke ɗauka, duk wanda ya kasa kunne a kan layi zai karanta ta. A 1999 masu OpenBSD, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Linux, suka fitar da nasu SSH ɗin kyauta da sunan OpenSSH, kuma shi ne ke cikin kusan kowace kwamfuta yau. Kayan aiki uku da zan nuna maka, wato scp da sftp da rsync, duk a bayan SSH suke hawa. In ka gyara SSH da kyau, sauran aikin ba shi da wuya.

Shirya kwamfutocin biyu

Kwamfuta mai aikawa tana buƙatar manhajar kira, mai karɓa kuma tana buƙatar manhajar da ke zaune tana jiran kira, wadda ake ce wa sshd. Mai karɓar ita za mu riƙa kira sabar, ko da tsohuwar kwamfuta ce a ƙuryar shago.

A mai aikawa, buɗe tagar umarni ka rubuta `ssh -V`. In Linux ce ko Mac, za ka ga lambar OpenSSH ta fito. In Windows 10 ce ko 11, buɗe PowerShell ka gwada; tun 2018 Microsoft ke saka shi a ciki, ba sai ka sauko da komai ba.

A sabar, in Linux ce irin Ubuntu ko Debian:

```
sudo apt install openssh-server rsync
sudo systemctl enable --now ssh
hostname -I
```

Layi na ƙarshe zai ba ka adireshin kwamfutar, misali 192.168.1.20. In kana amfani da shingen ufw, sai ka buɗe ƙofa da `sudo ufw allow OpenSSH`. SSH ta ƙofa mai lamba 22 yake shiga, sai dai in kai ka canza masa. Ka kuma shiga cikin saitin akwatin wifi ka kafe wa sabar wannan adireshi, domin in an ɗauke wuta aka dawo da ita, akwatin kan sake rabon adireshi, sai ka wayi gari kana ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta nan.

Duk wannan in kwamfutocin suna kan wifi ɗaya ne. Tsakanin Tasawa da Maradi kuwa akwai wani cikas da ya kamata ka sani tun yanzu, don kada ka ɓata yini kana zargin kanka. Galibin layukan intanet na salula ba sa ba ka adireshin kanka na waje. Mutane da yawa ne ke fita ta adireshi ɗaya. Kai za ka iya kiran waje, amma na waje ba zai iya kiranka ba. Mafita biyu na sani masu aiki. Ko dai ka yi hayar ƙaramar sabar a intanet mai adireshi tsayayye, kowa ya riƙa aika mata yana ɗauka daga gare ta, ko kuma ka haɗa kwamfutocin da keɓaɓɓen rezo irin WireGuard ko Tailscale, su zama kamar suna ɗaki ɗaya. Mu ta biyun muka bi, domin Alhaji ya fi son lissafinsa ya kwana a shagonsa. Ko wacce ka zaɓa, umarnin da ke tafe ba sa canzawa, adireshi kawai za ka sauya.

Gaisuwar farko, inda mutane ke gaggawa

A ce sunan mai amfani a sabar shi ne `kanti`. Daga mai aikawa:

```
ssh kanti@192.168.1.20
```

Karon farko SSH zai tsaya ya ce bai san wannan kwamfuta ba, ya nuna maka wani dogon layi da ya fara da `SHA256:`, ya tambaye ka ko ya ci gaba. Kusan duk wanda na gani yana koyo, `yes` yake bugawa bai ko kalli layin ba. Wannan cinikin biri a sama ne. Layin nan tambarin sabar ne, kamar zanen yatsa, kuma shi kaɗai ne shaidarka cewa kwamfutar da ta amsa ita ce wadda ka kira, ba wata ce ta tsaya a tsakani tana kwaikwayonta ba. Kulle saƙo ba shi da amfani in ɓarawo ka miƙa wa shi hannu da hannu.

Tantancewar ba ta cin minti biyu. A kan sabar kanta, rubuta:

```
ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub
```

Za ta nuna tambarinta na gaskiya. Sai ka kwatanta da wanda aka nuna maka. Ranar da muka haɗa Tasawa, ina zaune gaban sabar a shago, sakatare yana can gaban tasa, na kira shi a salula na ce ya karanto mini. Yana karantawa harafi bayan harafi, yana cewa babban K, ƙaramin q, bakwai, ina bin nawa da yatsa a kan allo, hayaniyar masu sauke buhuna na shigowa ta wayar. Da muka kai ƙarshe ba saɓani, na ce masa, "To yanzu buga yes." Sau ɗaya ake yin wannan. SSH zai adana tambarin a fayil ɗin `~/.ssh/known_hosts`, ya riƙa dubawa da kansa duk lokacin da ka kira.

In wata rana ka ga gargaɗi da manyan haruffa cewa tambarin sabar ya canza, kuma SSH ya ƙi shiga, ka dakata. Sau da yawa dalilin mai sauƙi ne: an sake zuba wa sabar Linux sabo, ko wata kwamfuta ta gaji adireshin. Amma sai ka tabbatar da dalilin tukuna, ka sake karanta tambarin da wanda ke can, sannan ka goge tsohon da `ssh-keygen -R 192.168.1.20`. Wanda ya saba goge gargaɗin nan ba bincike, ranar da abin zai zama gaske ba zai gane ba.

Makulli da kwaɗo

Kalmar sirri tana da rauni biyu: ana iya cinkarta, ana kuma iya ganinta a yatsunka. Duk sabar da ke da adireshi a buɗe a intanet, in ka duba rajistarta za ka ga injuna daga ko'ina a duniya suna gwada sunaye da kalmomin sirri dare da rana. Maganin wannan shi ne makulli.

A kwamfuta mai aikawa:

```
ssh-keygen -t ed25519 -C "kwamfutar Tasawa"
```

Danna Enter ya ajiye a inda ya saba. Zai nemi ka sa wa makullin jimlar sirri. Ka sa, kuma ta yi tsawo, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna. Ba sunan ɗanka ba, ba lambar wayarka ba. Za a samu fayil biyu a foldar `.ssh`. Wanda ake kira `id_ed25519.pub` shi ne kwaɗo, shi ake kaiwa a rataya a ƙofar sabar, kuma ko wani ya gan shi ba komai. Wanda ake kira `id_ed25519` ba tare da `.pub` ba, shi ne makulli. Wannan ba ya barin kwamfutar da aka haife shi a ciki. Ba a tura shi ta WhatsApp, ba a sa shi a kile, ba a ba abokin aiki aro. In mutum uku ne za su riƙa aika fayil, kowa ya ƙera nasa, a rataya kwaɗo uku. Nau'in ed25519 ya shigo OpenSSH a 2014, gajere ne kuma mai ƙarfi, ba ka da dalilin neman wani sai in sabar taka ta tsufa ƙwarai.

Rataya kwaɗon daga Linux ko Mac:

```
ssh-copy-id kanti@192.168.1.20
```

Windows ba ta zuwa da wannan umarni, sai ka bi ta nan a PowerShell:

```
type $env:USERPROFILE\.ssh\id_ed25519.pub | ssh kanti@192.168.1.20 "mkdir -p ~/.ssh && cat >> ~/.ssh/authorized_keys"
```

Sake gwada shiga. In ya tambaye ka jimlar makulli maimakon kalmar sirrin sabar, aiki ya yi. In har yanzu kalmar sirri yake nema, galibi izinin foldar ne ya yi sako-sako, domin sshd ba ya yarda da kwaɗon da kowa zai iya taɓawa. A sabar ka gyara da `chmod 700 ~/.ssh` da `chmod 600 ~/.ssh/authorized_keys`.

Da zarar makullin kowa na aiki, rufe ƙofar kalmar sirri gaba ɗaya. Buɗe `/etc/ssh/sshd_config` da `sudo nano` (nano manhajar gyara rubutu ce a tagar umarni), ka tabbatar akwai waɗannan layuka ba tare da alamar # a gabansu ba:

```
PasswordAuthentication no
PermitRootLogin no
```

A Ubuntu ka leƙa foldar `/etc/ssh/sshd_config.d/` ma, domin fayil ɗin da ke can yakan rinjayi abin da ka rubuta. Sannan `sudo sshd -t` don a duba ko ka yi kuskuren rubutu, sai `sudo systemctl restart ssh`. Kada ka rufe tagar da kake ciki. Buɗe wata sabuwa ka gwada shiga tukuna. In sabar tana Damagaram kai kana Maradi, ka kulle kanka a waje, sai dai ka biya kuɗin mota.

Don rage wahalar buga adireshi kullum, ƙirƙiri fayil mai suna `config` a cikin `.ssh` na mai aikawa:

```
Host shago
    HostName 192.168.1.20
    User kanti
    ServerAliveInterval 30
```

Daga yanzu `ssh shago` ya wadatar, haka ma a scp da sftp da rsync. Layin ƙarshe yana sa SSH ya riƙa taɓa sabar duk daƙiƙa 30, kada layin ya mutu shiru in ka ɗan dakata.

scp: ɗauki nan, ajiye can

Tsarinsa ɗaya ne kullum: abin da za a ɗauka, sannan inda za a ajiye. Alamar `:` ita ke nuna cewa wurin yana wata kwamfuta.

```
scp lissafin-mayu.xlsx shago:ajiya/
scp shago:ajiya/farashi.pdf .
scp -r hotunan-sito shago:ajiya/
```

Na farko aikawa ne, na biyu ɗaukowa zuwa foldar da kake tsaye (ɗigon nan na ƙarshe ke nufin haka), na uku folda ce sukutum. Ka tabbatar foldar `ajiya` tana can tun farko. `ssh shago mkdir -p ajiya` zai ƙirƙire ta. In ka buga `shago` kaɗai ka manta `:`, scp ba zai yi ƙorafi ba, zai kwafi fayil ɗin ne a kwamfutarka da sunan "shago", kai kuma kana zaton ya tafi. In sabar ba a ƙofa ta 22 take ba, scp babban harafi yake so, `-P 2222`, alhali ssh ƙarami yake so, `-p 2222`. In sunan fayil na da fili a tsakiya, sa shi cikin alamar zance. Abu mafi muhimmanci kuma, scp ba ya tambaya kafin ya danne fayil mai suna iri ɗaya. Shi ya sa na hana sakatare sa wa fayil suna "lissafi" kawai; dole a sa wata da shekara.

Tun OpenSSH 9.0 na 2022, scp yana bin ƙa'idar SFTP ne a ƙarƙashi. In ka ci karo da tsohuwar na'ura da ta ƙi karɓa, ƙara `-O` ya koma tsohon salo.

sftp, in kana son ka leƙa kafin ka ɗauka

Buga `sftp shago`, sai ka samu kanka a ciki. `ls` da `cd` na can ne, `lls` da `lcd` na kwamfutarka ne, `put` aikawa, `get` ɗaukowa, `bye` fita. Abin da ya fi scp da shi shi ne `reput` da `reget`, masu ci gaba daga inda aiki ya yanke. Ga mai Windows da ba shi da rsync, waɗannan biyun su ne abokan tafiya.

rsync, wanda ya dace da irin rezonmu

Duk wanda ya zauna Maradi a watan Afrilu da Mayu ya san yadda wuta ke zuwa tana tafiya, rezo ma haka. Ka ɗauki fayil mai nauyin giga biyu ka ba scp, ya kai kashi casa'in cikin ɗari, layi ya yanke: sai dai a sake daga farko, kuɗin intanet ɗin da ka saya kuma ya tafi. Saboda wannan ne nake ce wa duk wanda ya tambaye ni, in zai koyi abu ɗaya tak bayan makulli, to ya koyi rsync.

Andrew Tridgell da Paul Mackerras ne suka fito da shi a Ostareliya a 1996, zamanin da intanet ke tafiyar hawainiya a ko'ina, don haka da irin halinmu aka gina shi. Kafin ya aika komai yakan kwatanta ɓangarorin biyu. Fayil ɗin da girmansa da lokacinsa ba su canza ba, ya tsallake shi. Wanda ya canza kuma, yakan yanka shi gunduwa-gunduwa ya aika guntayen da suka bambanta kawai. Sharaɗinsa shi ne a same shi a kwamfutocin biyu. A Windows hanya mafi sauƙi ita ce ka girka WSL, wato Linux da ke aiki a cikin Windows, ka yi aiki daga Ubuntu ɗin da ke cikinta.

Umarnin yau da kullum:

```
rsync -avP --timeout=60 lissafi/ shago:ajiya/tasawa/
```

`-a` yana ɗaukar folda da duk abin da ke cikinta, ya kiyaye lokaci da izinin kowane fayil. `-v` yana faɗa maka abin da yake yi. `-P` yana nuna ci gaba, kuma yana ajiye rabin fayil in layi ya yanke, don in ka sake buga umarnin ya yi amfani da abin da ya riga ya iso. `--timeout=60` yana sa shi ya haƙura in an yi minti ɗaya ba motsi, maimakon ya rataye har gobe.

Ka lura da alamar `/` da ke bayan `lissafi`. In tana nan, abin da ke cikin foldar za a zuba a can. In babu ita, foldar ce kanta za a ɗauka a saka cikin `tasawa`, sai ka samu `tasawa/lissafi`. Ƙaramar alama ce, amma ita ta fi rikita masu koyo.

In rezo na yawan yankewa, kada ka zauna gadi. Bar kwamfuta ta yi naci da kanta:

```
until rsync -avP --timeout=60 lissafi/ shago:ajiya/tasawa/; do sleep 30; done
```

Duk lokacin da ya faɗi zai jira daƙiƙa 30 ya sake tashi, har sai ya gama. Don kada ya tsaya neman jimlar makulli a kowane zagaye, ka fara buga `ssh-add` ka shigar da ita sau ɗaya. In ya ce bai sami wakili ba, wato manhajar da ke riƙe maka makullin a buɗe, buga `eval $(ssh-agent)` tukuna. In kuma wifi ɗaya kuke rabawa da mutanen ofis, `--bwlimit=200` zai tsare shi a wajen kilobayit 200 a daƙiƙa, kowa ya samu ya yi aikinsa. Akwai `-z` mai matse bayanai a hanya. Yana taimakawa ga rubutu zalla da fayilolin rumbun bayanai, amma hoto da bidiyo da fayil ɗin xlsx a matse suke tun asali, ba abin da zai rage. Ka kuma rufe manhajar lissafi kafin ka aika fayil ɗinta, domin abin da aka kwafa ana tsakar rubutu a cikinsa yakan isa can a gurgunce.

Yanzu sai `--delete`, kuma a nan ina roƙonka ka natsu. Aikinsa shi ne ya mai da can daidai da nan, wato duk abin da ke can wanda babu shi a nan, ya goge shi. Na taɓa yin asara da shi. Wata makaranta ce nake taimaka wa da ajiyar sakamakon jarrabawa. An sake wa kwamfutar ofis faifai, foldar ta dawo wayam, ni kuma da yamma na buga umarnin da na saba, daga ofis zuwa ajiya, da `--delete` a ciki. Ina kallo sunayen fayiloli na gudu a allo, kowanne da kalmar gogewa a gabansa. Kafin hannuna ya kai ga Ctrl da C, aikin zango biyu ya tafi. Malamai suka koma ga takardun hannu suna sake shigarwa har mako biyu, kuma nauyin wannan wahala a wuyana yake. Tun daga ranar ban ƙara buga `--delete` ba sai na fara da gwaji:

```
rsync -avn --delete lissafi/ shago:ajiya/tasawa/
```

Harafin `n` yana sa shi ya lissafo abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. Karanta jerin. In ka gamsu, cire `n`. Ko a lokacin ma, ka sa abin da za a goge ko a danne ya koma gefe maimakon ya ɓace:

```
rsync -av --delete --backup --backup-dir=../tsoffi/$(date +%F) lissafi/ shago:ajiya/tasawa/
```

Da wannan, kowace rana tana da foldarta a `ajiya/tsoffi`, mai ɗauke da abin da aka sauya a ranar. In kuma ba dole, ka bar `--delete` gaba ɗaya. Faifai ya cika da tsofaffin fayiloli ya fi sauƙin magani.

Tabbatar da cewa abin da ya tashi shi ya sauka

SSH yana duba kowane ƙunshi a hanya, rsync ma yana tantance fayil bayan ya gama haɗa shi. Duk da haka, ga abu mai muhimmanci, musamman wanda aka ci gaba da shi da `reput` bayan yankewa, gani ya kori ji:

```
sha256sum lissafin-mayu.xlsx
ssh shago sha256sum ajiya/lissafin-mayu.xlsx
```

A PowerShell, na farkon shi ne `Get-FileHash lissafin-mayu.xlsx`. Kowanne zai ba ka hatimi mai haruffa da lambobi 64. In harafi ɗaya ya canza a cikin fayil, hatimin gaba ɗaya zai bambanta, don haka ba sai ka wahalar da ido ba, bambancin a fili yake fitowa. Windows da manyan haruffa take rubuta nata, Linux da ƙanana, wannan ba saɓani ba ne. Ga folda sukutum, `rsync -avnc` zai kwatanta ainihin abin da ke cikin fayilolin ya nuna maka waɗanda ba su dace ba.

Bayan fayil ya sauka

SSH hanya yake tsarewa. Da fayil ya sauka, a buɗe yake ga duk mai iko da waccan kwamfuta. In sabar ta haya ce a wata ƙasa, ko abin da kake aikawa ya shafi marasa lafiya ko albashin ma'aikata, kulle shi tun kafin ya tashi:

```
tar czf mayu.tar.gz lissafi/
gpg -c --cipher-algo AES256 mayu.tar.gz
```

Layi na farko yana ƙunshe foldar a fayil ɗaya, na biyu ya kulle shi da jimlar sirrin da zai nemi ka sa. Za ka samu `mayu.tar.gz.gpg`, shi za ka aika. Mai karɓa ya buɗe da `gpg -o mayu.tar.gz -d mayu.tar.gz.gpg`, sannan `tar xzf mayu.tar.gz`. Jimlar sirrin kada ta bi hanya ɗaya da fayil. Faɗa masa baki da baki ko a kiran waya. Wannan dabara ita ce kuma ta rage mana amfanin kile. Akwai ranakun da rezo ke ɗaukewa ɗungurungum a ƙauyukan da yaran Alhaji ke sayen wake, dole a koma ga direba. Yanzu abin da ke cikin kilen kullalle ne, ko ya faɗi a tasha wanda ya tsinta ba abin da zai karanta.

Saura batun mutane, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fayil ɗin `~/.ssh/authorized_keys` da ke sabar jerin duk masu izinin shiga ne, layi ɗaya ga kowane kwaɗo, kuma a ƙarshen kowane layi akwai sunan da aka rubuta da `-C` ranar ƙera makulli. Amfanin sunan ke nan. Bara yaron Ɗan Isa ya kira da dare ya ce an ɗauke masa jaka a tasha, da kwamfutarsa a ciki. Alhaji ya kira ni hankali a tashe, yana tambaya ko a rufe komai. Na ce, "Alhaji, a ba ni minti biyar." Na shiga sabar, na buɗe fayil ɗin da nano, na nemo layin da ya ƙare da "kwamfutar Dan Isa", na goge shi, na adana. Sannan na buga `last` na duba waɗanda suka shiga kwanan nan, na kuma karanta rajistar da `sudo journalctl -u ssh --since today`. Babu wanda ya yi amfani da makullin tun bayan satar. Tasawa ta ci gaba da aiko lissafinta a daren kamar kullum, domin kwaɗonta daban ne. Da yaron ya sami wata kwamfuta bayan kwana goma, ya ƙera sabon makulli, ya turo mini `.pub` ɗinsa, na kira shi muka karanta tambarin sabar tare kafin ya buga yes.